A Canza Lamba, Kada a Rufe Ɗakin Mata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, Alhaji Iliasu, wanda ya riƙe ƙungiyarmu tun muna zama a kan bencin aro. Limamanmu da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Iyayenmu sarakuna, na Hausawa da na Zabarmawa, na Mosawa da na Kotokoli da na Dagomba, Allah ya ja zamaninku. Magajiya da sauran iyayenmu mata. Ɗan majalisar unguwa. 'Yan kasuwar da suka ja ƙofar shago suka zo. Direbobin da suka ajiye mota a lokacin da fasinja yake a titi. 'Yan'uwana na Maamobi da na Nima, da waɗanda suka tako tun daga Kokomlemle. Har da ku da kuke leƙowa daga kan katanga don babu sauran kujera: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na gode wa Allah da ya tara mu. Na gode wa shugaba da ya ba ni wannan lasifika, alhali ya san abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba. Na gode wa 'ya'yanmu da ke Hamburg da Jidda da Amurka, waɗanda suka haɗa guminsu suka aiko mana da kwamfutoci, duk da ba sa nan balle su ji godiyar.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Fulera. A Nima aka yanke mini cibiya, na yi aikin buga tafireta shekaru masu yawa, kuma da aka buɗe ɗakin kwamfuta a saman ginin ƙungiya bara, ni aka damƙa wa makullin ɓangaren mata. In kun ga ina kai da kawowa a gaban wannan tebur, ku yi mini uzuri. Tun da aka ce yau za a ɗaga hannu a kan rufe ɗakin mata, ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ga hadari kuma yana haɗuwa ta wajen shataletalen Circle, to zan yi sauri gwargwadon iko.

Magana ta farko ita ce yadda abin yake aiki, don na lura an yi ta gardama a kan abin da ba a bayyana wa mutane ba.

Kwamfutocinmu suna sama, na maza a babban ɗaki, ta mata guda ɗaya a bayan labule. Amma layin intanet ba namu ba ne. Yana shigowa ne ta shagon Malam Jibirilu da ke ƙasa, mai wurin buga waya, ga shi can zaune kusa da ginshiƙi. Daga injinsa waya take hawowa sama ta rarrabu. To a cikin cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan kati inda wayar take shiga, kuma kowane kati yana da lambarsa tun daga masana'anta, ba ta kama da ta wani. Masu aikin suna ce mata mak. Ni dai lambar kati nake ce mata. Duk abin da kwamfuta ta nema, sai ta faɗi lambarta tukuna, kamar yadda motar haya ta trotro ba ta wuce shingen 'yan sanda sai an ga lambarta. Saboda haka wanda yake zaune a ƙasa, in ya dubi allonsa, yana ganin lamba kaza ta buɗe shafi kaza a lokaci kaza. Kuma tun ranar da aka haɗa wayoyin, an san lambar da take ta bayan labule.

Mun sa labule, jama'a. Mun sa labule mai kauri, Magajiya da kanta ta sayo yadin a kasuwar Makola. Ashe labule ido kawai yake tarewa.

Magana ta biyu, ita ce ta tsayar da ni a nan, kuma zan ambaci suna. Kada kowa ya zabura. Mai sunan ce ta ce in ambata. Na je wurinta jiya a gidan mahaifiyarta da ke Kokomlemle, na ce, "Adiza, in ce wata baiwar Allah?" Ta ce, "Anti Fulera, sunan da aka riga aka gama yawo da shi lungu-lungu, me za ki ɓoye? An kai shi ko'ina da ƙarya, ki kai shi gaban mutane da gaskiya."

Kun san Adiza. Mai keken ɗinki a bakin gota, matar Issaka direban trotro mai bin layin Circle. Rabin matan da ke ƙarƙashin wannan rumfa sun taɓa sa rigar da ta ɗinka.

Bayan ƙaramar Sallah ta same ni a sama, da hantsi, bayan ta kai yara makaranta. Ta zauna, ta tashi, ta gyara labule, ta sake zama. Na ce lafiya? Ta ce, "Anti, wannan abin, in mutum ya tambaye shi, yana faɗa wa wani?" Na ce mata a'a, don abin da na sani ke nan a lokacin, kuma abin da kowa a nan ya sani ke nan. Sai ta ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko mijinta, ko uwarta. Na rantse. Sannan ta gaya mini ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta, ɓangaren hagu, kuma ba ya ciwo, kuma rashin ciwon ne yake ba ta tsoro. Yayarta haka ta fara a Bawku, aka yi ta shafe-shafe da turare, har Allah ya karɓi abinsa.

Iyayena maza, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, lalura ce ta kawo. Muka nemi bayani a kan ciwon mama. Shafukan likitoci ne, da Turanci, da zane-zanen yadda mace za ta duba kanta. Adiza ta yi makaranta har midil, tana karantawa a hankali da yatsa a kan gilashi, inda ta kakare in taya ta. Ta dawo sau da dama, kullum da hantsi. Kuma karatun ya yi amfani, don a zuwanta na ƙarshe ta ce mini, "Yoo, na gane. Sun ce in an je da wuri ana cirewa. Zan gaya wa Issaka, mu je asibiti."

Ba ta kai ga gaya masa ba, magana ta riga ta.

A ƙasa, Malam Jibirilu ya dubi allonsa, ya ga lambar bayan labule tana buɗe shafuka masu ɗauke da sunan wannan sashe na jikin mace, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bai buɗe shafin ya duba ba. Suna ya gani, ya yi zato. Malam Jibirilu, zauna, don Allah zauna, ban zo in tozarta ka ba. Na san ba ka ambaci sunan kowa ba, kai da kanka ka rantse a gaban liman kuma na yarda. Abin da ka faɗa a wurin mai shayi shi ne, "Injin matan nan, abin da ake kallo da shi da safe, Allah ya kyauta." Shi ke nan abin da ka faɗa. Amma magana zarar bunu ce. Lamba ta ce bayan labule. Allo ya ce da hantsi. Wa yake hawa bene da hantsi? Mai sayar da koko a ƙofar gini ta sani, mai gyaran takalmi ya sani, duk wanda yake da ido ya sani. Kafin la'asar an haɗa lamba da fuska.

Kun san abin da ya biyo baya, domin da bakunanmu aka yi shi. Aka ce matar Issaka tana kallon hotunan batsa a ginin ƙungiya. Da maganar ta haura Nima, ta zama tana aika wa wani namiji a Turai hotonta. Da ta dawo Maamobi, har an ga namijin. Mata suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu, wani an yanka, wani ba a yanka ba. Wata ta tsaya a bakin shagon ta ce, "Ba ni kayana, kada ki ɗinka mini da hannun nan." Yara suka yi wa 'yarta waƙa a hanyar makaranta.

Na je na same ta, na ce, "Adiza, ki sake ni daga rantsuwar nan in yi magana." Ta ce, "Ki ce me? Ki tsaya a kasuwa ki ce ga abin da ke ƙirjin Adiza? Yanzu suna kallon fuskata, so kike su koma kallon rigata?" Na koma gida ina ji ana yanka ta a gabana, a wurin famfo, a gidan suna, bakina a ɗaure.

Ta rufe shago. Ta daina fita. Asibitin da ta yi niyya, ta yaya za ta je? Daga ɗakinsu zuwa titi lungu ne mai tsawo, kuma kowace ƙofa da mai zama a bakinta. Damina ta shigo ta same ta a ɗaki, masara ta fito kasuwa tana ɗaki. Abin da ke ƙirjinta kuwa bai san ana gulma ba, aikinsa kawai yake yi.

Issaka mutum ne mai shiru, kun san shi. Ya ji maganar tun farko a tasha, ya haɗiye. Abokan aikinsa suna yi masa habaici, ya haɗiye. Ba ya tambayarta, ita ba ta faɗa masa, suna cin tuwo a kwano ɗaya kamar baƙi. Ranar da abin ya ƙare, wata fasinja ce a kujerar bayansa take ba ƙawarta labarin, da ƙari da gishiri, ba ta san mijin ne yake tuƙa ta ba. Issaka ya taka birki a gefen titi, ya ce kowa ya sauka, mota ta lalace. Ya juyo gida da rana tsaka. Ya shiga ɗaki ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Adiza, yau ki gaya mini da bakinki. In gaskiya ce, in sani. In ƙarya ce, in san wanda zan kama."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan wurin.

Ita ta ba ni labarin, ta ce sai ya zauna a ƙasa, a kan siminti, ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce tun azumi. Ya ce, "Kuma kika bar ni ina kwana da zargi, ke kina kwana da wannan?" Ya ɗauko mayafinta da kansa ya yafa mata, ya riƙe hannunta, suka bi lungun nan tun daga farko har ƙarshe, a gaban kowa. Ya sa ta a gaban mota. Mutane suna ta ɗaga hannu a Circle, trotro babu kowa a ciki, bai tsaya wa kowa ba sai ƙofar asibiti.

Likita ya duba, aka yi gwaje-gwaje. Ya ce da ta zo lokacin da ta fara ji, da ƙullutun kaɗai za a cire. Yanzu sai dai a cire gaba ɗaya. Aka yi aikin. Adiza tana raye, alhamdu lillahi, tana iya zama, tana shan kunu, hannun hagu ne bai fara ɗaguwa sosai ba. Ko za ta koma kan keke, Allah ne ya sani.

Na ji ana salati. Mu yi salatin, amma kada mu tsaya a nan.

Magana ta uku: me za a yi? Iyayenmu sun kawo shawara a rufe ɗakin mata, a huta. Na san da kyakkyawar niyya suka kawo, kuma lokacin da suka kawo ba su san abin da na faɗa yanzu ba. Amma ina roƙonku ku duba. Ɗakin ne ya gaya wa Adiza ta je asibiti. Gulma ce ta hana ta zuwa. Yaya za a hukunta wanda ya ba da shawara, a bar wanda ya tare hanya? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mu liƙe tsagar, kada mu rushe ɗakin.

Tsagar kuwa ana iya liƙe ta. Dramani, wanda ya haɗa mana wayoyin, ya nuna mini. Ita lambar katin a jikin ƙarfe take, ba ta gogewa, amma ana iya gaya wa kwamfuta ta riƙa faɗin wata lamba dabam in an tambaye ta. Akwai wani gurbi a cikin saitin katin, a rubuta sabuwar lamba, a kashe inji a kunna, shi ke nan. Na gwada da hannuna a gabansa, bai fi sa zare a allura wuya ba. Abin da muke nema shi ne kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, a canza lambobin dukan injunan da ke sama, na maza da ta mata, yadda wanda ke ƙasa zai ga lambobi kawai, bai san wacce ce ta bayan labule ba, bai san wacce ce ta bakin taga ba.

Kuma Dramani bai ruɗe ni ba, ni ma ba zan ruɗe ku ba. Ya ce, "Anti, wannan ba katanga ba ce. Za a ga an buɗe shafi, ba za a san wa ya buɗe ba, iyakarsa ke nan. In mutum ya rubuta sunansa a ciki, lamba ba za ta cece shi ba." Ya kuma ce dole mutum ɗaya ya riƙa yin canjin, don in injuna biyu suka faɗi lamba ɗaya, duka biyun za su tsaya cik. Kuma haramun ne wani ya ari lambar injin maƙwabcinsa ya yi ɓarna da ita a kama marar laifi. Wannan ba shi muke nema ba, kuma duk wanda ya yi, ni zan fara kai shi gaban shugaba.

Malam Jibirilu yana da nasa tsoron, kuma tsoro ne na gaskiya, a ba shi haƙƙinsa. Ya ce da lambar yake gane injunanmu, in ta riƙa canzawa, wani zai jona waya ta bayan gini ya sha layinsa a ɓoye. Dramani ya ce akwatin da wayoyin suke haɗuwa a sa masa kwado, makulli a hannun Malam Jibirilu, kuma ya ƙidaya injuna nawa ne a kan layi, ba sai ya san sunan kowanne ba. Direba yana sanin motarsa ta cika ba tare da ya tambayi fasinja abin da zai je yi a Circle ba.

Akwai kuma maganar da na ji tun da na shigo, har yanzu ina jin ta daga can baya: wai mai gaskiya ba ya ɓoye lamba, ɓarawo ne yake rufe fuska. Wanda ya faɗa, ina tambayarsa cikin ladabi. Gidanka yana da ƙofa? Sata kake yi a ciki? In ka je wurin malam da damuwarka, a lasifika kake faɗa? In ka shiga wurin likita, kana barin ƙofa a buɗe don a san kai mai gaskiya ne? Mu da muke zaune gida ɗaya mu goma sha, bango ɗaya, famfo ɗaya, tari ma in ka yi maƙwabci ya ce sannu, mun fi kowa sanin darajar ɗan abin da mutum ya rufe. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane, ya hana zato, ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa wa ɗan'uwansa. Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. Ba a ce hanin ya tsaya a ƙofar ɗaki ba, ban da allon kwamfuta.

Kuma ku maza, kada ku ɗauka wannan ta mata ce kaɗai. Injin bakin taga ma yana da lamba, kuma an san masu son zama a wurin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ana ta faɗa a rediyo cewa shekarar dubu biyu tana tafe, wai injuna za su rikice. Ni ba rikicewar inji nake tsoro ba. Inji bai je wurin mai shayi ba, inji bai karɓe yadi ba, inji bai koya wa yara waƙa ba.

An fara yayyafi, na gani, masu riƙe rumfa ku ja igiyar can. Saura kaɗan.

Shugaba, abin da nake roƙo a ɗaga hannu a kai ke nan: a bar ɗakin mata a buɗe, a ba Dramani izinin canza lambobi tun gobe da safe, kuma Malam Jibirilu ya juya allonsa, ya daina karanta sunayen shafuka sai in layi ya lalace. Ba na neman a kore shi, ba na neman a ƙaurace wa shagonsa. Shi ma tun da ya ji gaskiyar abin bai ƙara zama wurin mai shayi ba, kuma shi ya fara aika wa Issaka da saƙon ban haƙuri. Waɗanda suka karɓe yadinsu kuwa, sun san hanyar Kokomlemle. Ba sai na raka kowa ba.

Dalilin da ya sa nake cewa gobe, ba wata mai zuwa ba, ba sai an kafa kwamiti ba, shi ne wannan. Tun da labarin aikin Adiza ya fara fita a tsakanin mata, wasu sun zo gidana. Ba tare suka zo ba, kuma babu wadda ta san da zuwan 'yar'uwarta. Kowacce sai ta zauna, ta yi zancen tsadar gawayi, ta yi zancen yara, sannan in ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Anti, wancan shafin da kuka duba, yana nan?" Na ce yana nan. Sai ta ce, "In na hau sama, za a sani?"

Har yau ban ba ko ɗaya amsa ba. Suna cikin wannan taro, suna jina. Wataƙila ɗaya tana zaune kusa da kai, wataƙila ita ta dafa abin da ka ci da rana. Ni ba zan faɗi sunansu ba ko za a yanka ni. Ku taimake ni, kada inji ya faɗa.

Allah ya ba Adiza lafiya, ya mayar mata da ƙarfin hannunta. Allah ya saka wa Issaka da alheri. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare harsunanmu daga abin da za mu yi nadama. Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira, ya ja kwanan iyayenmu, ya tsare 'ya'yanmu da ke nesa. Allah ya zaunar da Maamobi da Nima da ƙasarmu Ghana lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya kafin ruwan nan ya sauko.

Shugaba, ga lasifikarka. A ɗaga hannu.

Na gode.